Cukun da babu nono a cikinsa

Salamu alaikum mutanen Garwa, Marwa da Ngaundare, har da 'yan uwa na Njamena. Yau ga ni a wani kanti a Liyon, nan Faransa. Ku dubi ɗan dunƙulen nan da ke hannuna. In ka gan shi sai ka rantse cuku ne, alhali ko ɗigon nono babu a ciki. Kashu aka jiƙa, aka niƙa, aka bari ya yi tsami. Na gefensa kuwa man kwakwa ne da sitaci, na taɓa ɗanɗanawa, kamar kana tauna kyandir. Na kashun yuro 6 ne, wato kusan sefa 4,000. Goggo, kin ji fa!

Ku lura, ba a rubuta cuku a jikinsa ba. Tun 2017 kotun Tarayyar Turai ta hana a sa wa kayan tsiro sunan madara ko cuku.

Masu sayensa ana ce musu 'yan bigan, sunan da Donald Watson ya ƙirƙira a Ingila a 1944. Ba sa cin nama, ƙwai, nono, har zuma. Wata abokiyar aikina tana cikinsu. Ta ce ba ƙin nono take ba, tausayin saniya take ji, don a manyan gonakinsu ana raba ta da maraƙinta da zarar ta haihu. Na ce mata a rugagenmu na Adamawa sai maraƙi ya fara tsotsa kafin nono ya sauko a tatsa. Ta yi shiru, ta ce duk da haka rabonsa ake ragewa. Ban sami amsa ba, gaskiya.

Inda su kansu suka rabu shi ne kan sabuwar madarar da kamfanin Perfect Day na Amurka ya fito da ita. Ana sa wa wasu ƙananan halittu dangin funfuna bayanin gadon halittar saniya, wato umarnin da jikinta ke bi wajen haɗa furotin ɗin nono, a ciyar da su sukari a cikin tanki, sai su fitar da furotin irin na nono sak. Wasu sun ce tunda ba a tatsi kowa ba, an gama magana. Wasu kuma sun ce abin da asalinsa saniya ne ba zai shiga bakinsu ba. Wanda furotin ɗin nono ke tayar wa borin jini kuwa, wannan ma zai tayar masa.

Da na nuna wa abokiyar aikin tawa hoton awara, waken suya da ruwan tsami, an soya an barbaɗa yaji, ta ce ai wannan nasu ne. Na ce mu babu wanda ya ci awara don tausayin saniya, aljihu ne ya yi magana.

Bari in mayar da abin nan wurinsa, mai kanti ya fara harara ta.