Zaman farko da iyali: inda masu koyon aiki suka fi yin tuntuɓe

[Hoto: filin jirgi, iyali da jakunkuna]

Ana ta ce-ce-ku-ce a kan aikin taimaka wa iyalan 'yan gudun hijira. Wasu sun ɗauka in ka samu gurbin koyon aiki a shirin da ke haɗa 'yan sa-kai da iyalan 'yan gudun hijira, kai ne za ka riƙa kai musu kaya, ka cike musu takardu, ka zama direbansu. To, ba haka abin yake ba.

Bari mu yi sauri a kan abin da kowa ya sani. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke miƙa sunayen mafi yawan iyalan da ake sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku, kuma ko kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba sa samun wannan dama a shekara. A Amurka, an tsara tallafin farko na ƙungiyoyin da ke tarbar 'yan gudun hijira ya ƙare cikin kwana 90. A Kanada, masu ɗaukar nauyi na ƙashin kansu kan riƙe iyali wata 12. Wata ukun Amurka kuwa ba ya isar mutum ya gane gari, shi ya sa ake neman jagora ɗan sa-kai, yawanci na wata shida, kamar awa biyu a mako.

[Hoto: ofis, fayiloli]

Mutum uku ne a nan, kada a cakuɗa su. Akwai jami'in da ke riƙe da fayil ɗin iyalin, shi ke da alhakin tallafi da takardun hukuma. Akwai jagora, wanda ke ziyartar gida. Sai kai, mai koyon aiki, a tsakani: ka karɓi takardun masu son sa kai, ka tabbatar an binciki tarihinsu, ka shirya musu horo, ka duba wa ya dace da wa ta fuskar nisan gida, jinsi, lokacin aiki da shekarun yara. Wannan duk aikin tebur ne, mako biyu ka iya.

Yanzu mu tsaya. Ga wurin da ake samun matsala.

[Hoto: falo, mutum biyar a zaune]

Zaman haɗawa. Iyali, jagora, tafinta, da kai. Sabbin shiga na ɗaukarsa zaman gaisuwa, a sha shayi, a yi musayar lamba, a watse. A gaskiya a nan ake shata iyaka, kuma abin da ba a faɗa ba a ranar, shi zai dawo ya ci ku a wata na biyu.

Tafinta tukuna. Babba ne, wanda ƙungiya ta kawo, ko a waya. Ku kalli yaron iyalin, ɗan shekara goma sha biyu, da ya fi kowa saurin kama harshe. Kowa zai so ya juya gare shi. Kada a yi. Za a taɓo zancen kuɗin haya, zancen asibiti, kuma uba ba zai faɗi abin da ke damunsa ta bakin ɗansa ba. Yaron ma yakan tace maganar don kada ya kunyata iyayensa. In kana magana, kalli mai gidan ko uwar gidan, yi gajerun jimloli, ka dakata a fassara.

Sai buri. Iyalin ne ke zaɓa, biyu ko uku, kuma kowanne ya zama abin da za a iya gani an yi. "Koyon harshe" ya yi faɗi. Ka ce uwar gida ta iya kiran asibiti ta sa ranar ganin likita da kanta. Ka ce mai gida ya hau bas daga gida zuwa wurin aiki, ya sauya mota a hanya, ba tare da rakiya ba. Ka tambayi mata daban, domin in an yi tambaya ɗaya ga kowa, sau da yawa amsar mutum ɗaya ake ji.

Daga nan ka karanta iyakoki da babbar murya, a fassara. Jagora ba ya ba da kuɗi ko rance. Ba ya sa hannu a madadin kowa. Ba ya zama shi kaɗai da yara. Ba ya ɗora hotonsu a intanet, don wasu suna da 'yan uwa a gida da hoto ɗaya zai jefa cikin haɗari. Ba ya tambayar abin da ya koro su. In sun ga dama za su faɗa. Kuma ba ya ba da shawarar shige da fice. A Amurka, lauya ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi ne kaɗai ke da wannan hurumi.

[Hoto kusa: ambulan a kan tebur]

Ga misali. Wasiƙa ta zo. Wataƙila ta bashin tikitin jirgi ce, wanda Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ke bayarwa ba ruwa, a fara biya wata shida bayan isowa Amurka. Jagora mai kirki zai ce, "Baba, kawo in tafi da ita in duba." Ya sa a mota, ya manta, wa'adi ya wuce. Ko ya biya daga aljihunsa, wata mai zuwa kuma a zuba masa ido.

Abin da ake so: su zauna tare. Ya nuna da yatsa, nan sunan wanda ya aiko, nan kwanan wata, nan adadin kuɗi, nan ranar ƙarshe. Mai gidan ya ɗauki hotonta da wayarsa, shi ya tura wa jami'in fayil. Zai ci minti arba'in maimakon biyar. Wasiƙa ta uku kuwa, da kansa zai ware wadda ta talla ce da wadda ta hukuma ce.

A ganina, ɗan sa-kai mai yawan tausayi ya fi malalaci wahalar sha'ani. Malalaci ka kira shi ka maye gurbinsa. Mai tausayin nan, sai ka ga ya sayo talabijin, maƙwabtan da suka zo a jirgi ɗaya kuma suna tambayar ina tasu.

[Hoto: waya, littafin rubutu]

Saura kaɗan. Bayan mako biyu, kira kowane ɓangare daban, da tafinta a na iyalin. Kada ka ce "lafiya dai?", za a ce maka lafiya lau ko da jagoran bai taɓa zuwa ba. Tambayi ranar da ya zo ƙarshe da abin da suka yi. Rubuta abin da aka gani da abin da aka faɗa, ban da zato. Zancen duka, yunwa, takardar kora daga gida ko yaro cikin haɗari, ranar za ka kai wa mai kula da kai, ko da an roƙe ka ka rufa.

Ranar ƙarewa ma tun a zaman farko ake faɗarta, a tuna da ita saura wata guda. In suna son ci gaba da zumunci bayan nan, wannan tsakaninsu ne, kai dai ka rufe fayil ka rubuta wane buri aka cim ma, wane ya rage, da wurin da aka tura su.