Gwangwanayen Jos da gardamar masoya Doctor Who

Halima: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Halima, ga Yaya Usman a gefena, yau kuma mun yi babban baƙo, Kawu Bala daga Jos. Kawu, sannu da hanya.

Kawu Bala: Yauwa Halima, sannunku da aiki. Tun a waya Usman ya ce mini in shirya, yau akwai gardama.

Usman: Akwai kuwa, Kawu. A kan Doctor Who za mu yi magana, shirin nan na BBC mai dogon zango da aka fara ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Abin da ke raba kan masoyansa shi ne, a cikin duk abin da aka nuna mana shekara da shekaru, wanne ne ingantaccen tarihin Dakta, wanne ne za a ajiye gefe.

Halima: Ga wanda bai taɓa kallo ba, Dakta ba ɗan Adam ba ne. Daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, yana yawo tsakanin zamani da zamani a cikin wani shuɗin akwati irin na 'yan sandan Ingila na da. In ajali ya zo masa, sai jikinsa ya sabunta, ya tashi da wata fuska da wani hali. Masu sauraro ba sa ganinmu, amma ga wani littafi a gaban Yaya Usman, bangonsa har ya yage, kowane shafi an ja layi da jan biro, shekaru a hagu, abin da ya faru a dama.

Usman: Shekara shida ina rubuta shi. Kuma a shafin farko tufka da warwarar ta fara. Sabunta jikin nan ba da shi aka fara shirin ba. William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, rashin lafiya ce ta matsa masa, sai a 1966 aka ɗauko Patrick Troughton aka ce ai shi ne dai, jiki ya sauya. A 1976 aka kafa doka a cikin labarin, cewa sau 12 kawai mutumin Gallifrey zai iya sabuntawa, wato rayuwa 13. Ni wannan dokar ce ta sa nake jin tsoro idan Dakta ya shiga haɗari, don na san rayukan nasa ƙidayayyu ne.

Kawu Bala: Amma ai kafin su ƙare an ƙara masa.

Usman: An ƙara, a shirin Kirsimeti na 2013, lokacin da Matt Smith ke fitowa a matsayin Dakta. Wannan ban yi fushi da shi ba, Kawu, domin marubutan sun girmama dokar. Sun zauna sun ƙirga, sun yarda ya kai ƙarshe, sannan mutanensa suka ba shi sabon zagaye a matsayin kyauta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na ranar 1 ga Maris, 2020.

Halima: To mun zo wurin.

Usman: A ranar aka ce mana Dakta ma ba ɗan Gallifrey ba ne. Yarinya ce aka tsinta ita kaɗai a gindin wata ƙofa da ke buɗewa zuwa wata duniya, tana sabunta jiki ba iyaka, daga jikinta mutanen Gallifrey suka kwashi wannan baiwa, daga baya aka goge mata tunani. Ke nan Hartnell ba shi ne na farko ba, akwai rayuka barkatai kafin shi. Abin da nake so game da Dakta shi ne mutum ne kamar kowa a cikin danginsa, ya gaji da zaman kallon zalunci, ya sace akwati ya gudu. Da hannunsa ya gina sunansa. Yanzu an ce tun asali shi na musamman ne.

Halima: Yaya, ni ba haka na ga abin ba. A waya na kalli wannan kashin, cikin dare, kowa ya yi barci, kuma sai da na share hawaye. Ban ga sarauniya ba, yarinya na gani wadda aka tsinta, aka yi ta gwaji a jikinta, aka gina daula da abin da aka ƙwace mata, sannan aka ɓoye mata ko ita wace ce. Ina girman da aka ƙara mata a nan? Zalunci aka nuna. Kuma gudun da kake so ɗin yana nan, bai goge ba. Wanda ya sace akwatin bai san komai game da asalinsa ba lokacin da ya yanke shawara.

Usman: Amma dokar 12 fa?

Halima: An bayyana ta, sun ce su mutanen Gallifrey ne suka ƙayyade wa kansu. Sannan buɗe littafinka a 1976, ka karanta wa Kawu abin da ka rubuta a ƙasan shafin.

Usman: Na san inda kika dosa. A farkon wannan shekarar, a labarin Morbius, Dakta ya yi karon ƙwaƙwalwa da wani mugu, ana nuna fuskokinsa na baya a allo, ana komawa baya har aka zo kan Hartnell. Sai aka wuce shi, aka nuna wasu fuskoki takwas. Hotunan ma'aikatan shirin ne aka sa musu tufafin da.

Halima: Shekara 44 masoya suna cewa ai fuskokin mugun ne, don su kare lissafinsu. Chris Chibnall, wanda ya rubuta na 2020, bai ƙirƙiro wannan ƙofar ba, a buɗe ya same ta. Har fuskokin nan ya sake nunawa.

Kawu Bala: Bari in shiga tsakaninku. Usman, a shekara ɗaya aka nuna fuskoki takwas ɗin nan kuma aka kafa dokar 12, haka ne?

Usman: Haka ne, Kawu, watanni ne tsakaninsu.

Kawu Bala: To ka ga, masu yin abin ba su ɗauka akwai mai littafi irin naka ba. A zamanin nan shiri sau ɗaya ake nuna shi, in ka rasa shi ka rasa. Babu bidiyo a gida, balle intanet. Marubuci yana neman abin da zai riƙe yaro a gaban talabijin ranar Asabar da yamma, ba ruwansa da abin da wani ya rubuta shekara biyar baya. Shi ya sa birnin Atlantis na almara, wanda aka ce ya nutse a teku, aka ba da dalilin halakarsa har kala uku, a 1967, da 1971, da 1972. Ita kanta BBC ba ta ɗauki shirin abin adanawa ba. Kaset ɗin ɗauka yana da tsada, sai a goge a ɗora wani shirin a kai, haka aka yi ta yi har 1978.

Halima: Kawu, a nan ne garinku ya shigo.

Kawu Bala: Ƙwarai. Kafin a goge, akan kwafe shirin a faifan fim a sayar wa tashoshin ƙasashen waje, wannan tasha ta nuna ta miƙa wa waccan. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya sami gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Ya ce yana share ƙurar da ke kan takardar da aka manna wa gwangwanin, sai ya ga sunan shirin. Kashi tara da aka fid da rai da su aka samu, daga labarai biyu na zamanin Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Ni a Jos aka haife ni, ranar da na ji labarin nan a rediyo sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da aka nema a duniya kusan shekara 45 yana kan kanta a garinmu.

Usman: Kuma Kawu, ɗaya daga cikin labaran nan biyu shi ne tushen rikicin da ya fi ba ni wahala a littafin nan. A The Web of Fear aka fara ganin Lethbridge-Stewart, yana Kanar, wanda daga baya ya zama Birgediya mai jagorantar UNIT, rundunar sojojin da ke yaƙar baƙin halittu a cikin shirin. A cikin labarin an ce an yi fiye da shekara 40 da wani abu da ya faru a Tibet a 1935. Ke nan muna wajen 1975, kuma ba a ma kafa rundunar ba tukuna. Sarah Jane, abokiyar tafiyar Dakta da ta yi zamani da Birgediya, da bakinta ta ce daga 1980 take. Sai a 1983 aka yi wani labari aka ce Birgediya ya yi ritaya a 1976, yana koyar da lissafi a makaranta. Ta yaya mutum zai yi ritaya daga rundunar da ba a kafa ba? Shafi huɗu na ɓata a kan wannan, bai daidaitu ba.

Halima: Ga kuma fim ɗin 1996, inda Dakta ya ce ta wajen uwa shi rabin ɗan Adam ne. Da shirin ya dawo a 2005, aka bi ta gefen maganar aka wuce. Yaya, wannan ka sa shi a littafin?

Usman: Na sa shi da fensir.

Halima: To ka gani, kai ma zaɓe kake yi. Wanda ya kwanta maka ka rubuta da biro, wanda bai kwanta ba da fensir. Kuma ba laifi ba ne, domin BBC ba ta taɓa fitar da hukunci ta ce wannan ne sahihi wancan ba shi ba. Masu Star Wars sun yi haka a 2014, suka ware tsofaffin littattafansu gefe guda. A Doctor Who babu alƙali.

Usman: Na yarda ina zaɓe. Amma ba son rai ne ma'aunina ba. Shekarar ritayar Birgediya kuskuren lissafi ne, bai sauya ko shi wane ne ba. Na 2020 ya taɓa zuciyar mutumin. Har yanzu ina ganin an rage masa wani abu, ko da yake na ji daɗin yadda marubucin shirin Russell T Davies ya riƙe maganar a 2023, lokacin da Ncuti Gatwa ya karɓi matsayin Dakta, aka sa Dakta yana magana a matsayin wanda aka tsinta bai san iyayensa ba. A nan na fara jin abin da Halima ta ji.

Kawu Bala: Ni abin da ke taɓa ni, waɗanda ake kira masu gardamar nan su suka ceci shirin. Duk kashin da ya ɓata, muryarsa tana nan, domin yara da matasa a Ingila sun riƙa kanga makirfo a jikin talabijin suna ɗauka a rikoda, suna hana 'yan gida motsi. Da wannan sautin ake zana wasu labaran da suka ɓata a matsayin katun yanzu.

Halima: Kawu, amma an ce ba duka labarin aka samu a Jos ba.

Kawu Bala: Kashi na 3 na The Web of Fear ne babu, kuma a cikinsa ne aka fara ganin fuskar Kanar ɗin tare da Dakta. Morris ya faɗa daga baya cewa yana cikin gwangwanayen da ya gani, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kai su Ingila. Sauti muke da shi da hotuna marasa motsi. Usman, a littafinka me ka rubuta a wurin?

Usman: Na bar layin ba komai, Kawu. Sai ranar da na gani da idona.

Halima: Allah Ya sa yana hannun wanda zai fito da shi. Kawu, mun gode, Allah Ya mai da kai gida lafiya. Jama'a, sai mako mai zuwa.