Kwatar Unguwa da Masu Cewa Ba Ruwana

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To, madalla. Abubuwa uku na zo da su, kuma in sha Allahu ba zan cinye muku lokaci ba.

Na farko, haƙƙin maƙwabci. Wannan ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya haddace. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba, har ya zaci zai sa shi cikin magada. Duk mun sani. To mu sauka kan kwata.

E, kwata na ce, Alhaji, ka daina dariya. Kwata ce ke tona asirin unguwa. Mutum zai share ƙofar gidansa fes, ya tura sharar cikin kwata, ruwa ya kai ta ƙofar na ƙasa da shi. Na ƙasa ya ga abin ya ishe shi, ya samo bulo ya toshe daidai iyakarsa, wai ƙazantar wani ba za ta bi ta gabansa ba. Ruwa ya rasa hanya, ya kwanta. Ya ci gindin katangar wannan, ya ci ta wancan. Kafin mako biyu sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, shi kuwa sauro ba ya tsayawa bincike a kan wa ya zuba shara. Ɗan wanda ya zuba da ɗan wanda ya yi shiru, layi ɗaya za su bi a asibiti.

Wanda ya yi shirun nan, shi nake son mu duba. Akwai hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Bukhari: mutane sun shiga jirgin ruwa, wasu a sama, wasu a ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun hau ta kan na sama. Sai suka ce, bari mu huda namu ɓangaren kawai, mu daina damun mutane. Ku lura fa, ba mugunta suka ƙulla ba, har ma suna ganin kara suke yi wa na sama! Kuma ai rabonsu ne, ƙuri'a ce ta ba su. Haka mai son kai yake magana kullum: gidana ne, filina ne, da kuɗina na sayi janaretan, in na ga dama ya kwana yana ruri a gindin tagarka. To hadisin ya ce in na sama suka ƙyale su, duk za su halaka. In suka riƙe hannunsu, duk su tsira. In suka riƙe hannunsu. Ina maimaitawa ne da gangan. Masu huda jirgi ba su da yawa a kowace unguwa, ɗaya ne ko biyu. Sauran mu na sama ne, muna leƙe ta taga, mu ja tsaki, mu ce ba ruwana, sai a bayan ido mu cika wa matanmu kunne da ƙorafi.

Wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya rubuta a 1968 cewa duk abin da yake na kowa ƙarshensa lalacewa, don kowa zai ɗiba babu mai gyarawa. Sai wata baiwar Allah, Elinor Ostrom, ta bi ƙasashe tana duba makiyaya da dazuzzuka da ruwan noman rani, ta samu wuraren da jama'a suka riƙe kayansu ɗaruruwan shekaru ba tare da ya lalace ba. A 2009 aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki, mace ta farko da ta samu. Me ta gani? Masu amfani da abin su ke kafa dokarsa, suna sa wa juna ido, kuma horo daki-daki ne: yau a ja kunne, gobe 'yar tara, sai ka nace a tsananta. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya har yau manoma suna da kotun ruwa da ke zama duk Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban coci. Alƙalan manoma ne 'yan'uwansu, shari'ar da baki ake yi, a gaban kowa. Wanda ya karkatar da ruwan wani, kunyar kiran sunansa ma ta ishe shi.

Na uku... ko na biyu muke? An ce saura minti biyar. To a gurguje: sanin juna tsakanin maƙwabta yana ceton rai. A Yulin 1995 zafi ya kashe mutum sama da 700 a birnin Chicago na Amurka, yawancinsu tsofaffi. Wani masanin zamantakewa, Eric Klinenberg, ya kwatanta unguwanni biyu masu maƙwabtaka, duka na talakawa. A inda tituna suka zama babu kowa, tsofaffi suka kulle kansu a ɗaki don tsoro, mutuwa ta yi yawa. A inda ake fitowa, ake sanin juna, ta yi kaɗan ƙwarai.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Ta ce su 'yan haya ne. Ba a kiran su taro, sai dai a turo musu takardar karo-karo, in ba su biya ba a ce ba su da haɗin kai. Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Masu gidaje, ku yi haƙuri, da ku nake. Ayar nan ba ta ce maƙwabci mai takardar fili ba. Mai gidan yana can wata unguwa yana jiran kuɗin shekara, 'yar haya ce ke shaƙar warin kwatar, 'ya'yanta ne ke tsallaka ta. Kuma dokar da ba a yi da mutum ba, da ƙyar ya bi ta da zuciya ɗaya. Ku kira su taron, ku karanta musu abin da aka tara da abin da aka kashe, ku ba ɗaya daga cikinsu riƙon littafin ma. Hajiya, ke kuma in an kira, kada ki ce kina da aiki. Sauran tambayoyi a rubuto, ga ladan can ya miƙe.