Yarinyar da ta yi shiru: koyar da kyautata wa mutane a darasin Turanci

Wannan lacca ce da aka gabatar wa malaman Turanci na ƙaramar sakandare, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamaina da abokan aikina, barkanmu da war haka. Na san tun safe kuke zaune, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Bari in fara da tona asirin kaina. Na yi shekaru ina tafka kuskure ɗaya ban sani ba. Duk sa'ad da muka gama karanta labari a aji, sai in juya ga allo in rubuta: wane darasi muka koya? Hannaye su tashi. "Malam, mu riƙa kyautata wa mutane." In ce madalla, in ba da maki. Wata rana yaron da ya fi kowa tsara amsa, ban ko gama tattara takarduna ba na jiyo shi a bakin ƙofa yana kwaikwayon in'inar wani ɗan ajinsu, sauran na ta sheƙa dariya. Amsar da ya ba ni ba ta da aibu. Tambayata ce ba ta da amfani. Yaro ɗan shekara 12 ya san abin da malami ke son ji, kuma zai miƙa maka shi kamar yadda zai miƙa maka alli.

Yaran da muke magana a kansu 'yan shekara 11 zuwa 14 ne, waɗanda a Amurka suke aji shida zuwa takwas. A wannan shekarun idon abokai ya fi idon malami kaifi. Yaro ya gwammace ka yi masa faɗa sau goma da 'yan ajinsu su yi masa dariya sau ɗaya. Kuma ba jahilci ke hana yawancinsu yin kirki ba. Tsoro ne.

Akwai binciken da ya buɗe mini ido a kan wannan. Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Norwe, tun shekarun 1970 yake nazarin cin zali tsakanin 'yan makaranta. Daga baya, a 1996, Christina Salmivalli ta ƙasar Finlan da abokan aikinta suka nuna cewa cin zali a aji ba harkar mutum biyu ba ce. Ban da mai yi da wanda ake yi wa, akwai mai taya shi, akwai 'yan amshin shata masu dariya, akwai 'yan ba-ruwana da ke kau da kai, sannan akwai 'yan tsirarun da ke tare wa wanda ake zalunta faɗa. To ku dubi ajinku. Azzalumin ɗaya ne ko biyu. Wanda ake tsangwama ɗaya ne ko biyu. Sauran duka fa? Su ne ɗalibanka na wannan darasi, kuma labarin da za ka zaɓa ya zama nasu ne.

Shi ya sa nake yawan komawa ga wani ɗan ƙaramin littafi na Eleanor Estes da ya fito a 1944, The Hundred Dresses. A littafin akwai wata yarinya mai suna Wanda Petronski, 'yar talakawa, 'yar asalin ƙasar Folan, a wata makaranta a Amurka. Kullum riga ɗaya take sawa, shuɗiya, ta koɗe, amma a wanke. Rannan ta ce tana da riguna ɗari a gida. Shi ke nan ta jawo wa kanta. Peggy, wadda ta fi kowa farin jini a ajin, ta mayar da abin wasan kullum: riguna nawa kika ce kina da su? Amma marubuciyar ba ta zaunar da mu a zuciyar Wanda ba, ba ta kuma zaunar da mu a ta Peggy ba. Ta ajiye mu wurin Maddie, aminiyar Peggy, wadda ke tsaye a gefe ba ta cewa uffan. Me ya rufe mata baki? Ita ma 'yar talakawa ce. Kwancen rigunan Peggy take sawa, uwarta na sauya musu fasali don kada a gane. Ta san in aka gaji da Wanda, kanta za a dawo. Har ta fara rubuta wa Peggy 'yar takarda cewa su daina, sai ta yayyaga ta. Daga ƙarshe mahaifin Wanda ya rubuto wa makaranta cewa sun tashi sun koma babban birni, inda ba za a riƙa yi wa sunansu dariya ba. Rigunan ɗari kuwa gaskiya ne, zane ne ta yi su a takarda, har suka ci gasar zane ta ajin bayan ba ta nan.

Yanzu ga inda aikinmu yake, don mu malaman harshe ne, ba masu wa'azi ba. Wannan wuri na yayyaga takarda, nakan yi darasi biyu cur a kansa. Da farko in ce su nemo mini, da lambar shafi, duk inda Maddie ta so yin magana ta fasa. Wannan auna fahimta ne tsantsa. Sannan in ce kowa ya rubuta takardar da ta yayyaga, da bakinta, da wakilin suna na mai magana. Nan za ka ga abin mamaki. Yaro zai rubuta jimla biyu ya tsaya, ya ce, "Malam, ai in ta rubuta haka Peggy za ta juyo kanta." In ce to, sake tsara ta yadda ba za ta rasa ƙawarta ba, kuma maganar ta fita. Sai ka ga suna gumi. Suna neman kalmar da ba ta yi zafi ba kuma ba ta yi sanyi ba. Abin da za su buƙata ke nan ranar da abin ya faru a gabansu: jimlar da za su iya furtawa, ba ƙa'idar da suka haddace ba.

Har nahawu yana shiga. Kun san jimlar sharaɗin nan ta Turanci mai wahalar koyarwa, ta abin da ya riga ya wuce, wadda mu muke cewa da na yi kaza da kaza ta faru. Ban taɓa samun wurin koyar da ita da ya kai bakin Maddie ba, a tsaye ƙofar gidan su Wanda, gida ya zama kango ba kowa. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take, kuma ga ta nan har da tsarin aikatau ɗinta. Abin da nake ƙauna a littafin shi ne bai ba Maddie damar wanke kanta ba. Ita da Peggy sun rubuta wa Wanda wasiƙa da niyyar ba da haƙuri, amma suka ƙare da wasiƙar gaisuwa kawai. Yara kan ji haushin wannan. Ku bar su su ji.

In lokaci ya ƙure maka, akwai gajeren labarin Langston Hughes na 1958, Thank You, M'am, shafi uku ne ko huɗu. Yaro ya yi yunƙurin fizge jakar wata mata da dare, ta cafke shi, ta ja shi gidanta, ta sa ya wanke fuska, ta ba shi abinci, ta ba shi dala goma ya sayi takalmin da yake kwaɗayi. Ɗalibai duk kan kuɗin suke faɗawa. Ni kuwa nakan ja su zuwa wurin da aka ce ba ta tambaye shi inda yake zaune ko su wane ne iyayensa ba, don kada ta kunyata shi. In tambaye su: wannan rashin tambayar kyauta ce ko ba kyauta ba ce?

Kada dai mu yi wa kanmu alkawarin da adabi bai yi mana ba. A 2013 David Kidd da Emanuele Castano sun buga bincike a mujallar Science cewa karanta ɗan yanki na ƙagaggen labari mai zurfi yana ƙara wa mutum iya gane abin da ke ran wani. Jaridu suka yi ta yayatawa. A 2016 wasu masu bincike suka maimaita gwajin, ba su ga wannan sakamako ba. Don haka ni ba na ce muku labari allura ne da za a yi wa yaro ya tashi da tausayi. Abin da na gani da idona shi ne yana ba aji hanyar yin magana a kan abin da kowa ya sani amma ba mai iya faɗa, ba tare da an kama sunan kowa ba.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da na fi so ku riƙe. Ajinka yana da tasa Wanda, kuma tana zaune tana jin ka. Kada ka kuskura ka ce, "Wa aka taɓa yi wa haka a nan?" Idanu arba'in za su juya wuri ɗaya, ka ƙara mata wani sunan tsokana da hannunka. Magana ta tsaya kan mutanen cikin littafi. Duk ɗalibin da ke son ya faɗi nasa, ya rubuto maka, kai kaɗai ka karanta.

Na ga hannu can baya. Na'am, Malama?

Tambayarta ita ce, in ɗalibi ya tashi ya kare Peggy, ya ce ai Wanda ce ta fara yin ƙarya, yaya za a yi? Malama, ni murna nake yi in na samu irinsa, don shi kaɗai ne bai ba ni amsar da nake son ji ba. Peggy ma da irin wannan hujjar ta kare kanta a littafin. Ba na ce masa ya yi kuskure. Nakan ce ya kawo shafin da ya dogara da shi, in ce wani ya kawo shafin da ke rushe shi, kuma makin da zan bayar na ƙarfin hujja ne, ba na kyawun hali ba. Ranar da kika fara ba da maki a kan kirki, kin koma gidan jiya, gidan da na baro. Ki ba su minti goma su yi ta ja-in-ja da Turanci, sannan kowa ya rubuta sakin layi ɗaya kafin a buga ƙararrawa.

Akwai wata tambayar?