Yaro ya ci 99 a sanawiyya, me ya sa jami'a ta ce makinsa bai kai ba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kwanan nan daga Shara Mansur a Makka har Jidda da Madina abu ɗaya ake ta turawa a guruf ɗin iyaye, hoton shahadar sanawiyya, wato takardar sakamakon kammala babbar sakandare, mai 98 ko 99, a ƙasa an rubuta "to ina laifin yaron nan?" An yi murna, an raba lemo, dangi na Kano ma sun kira sun yi barka, sai aka zo neman gurbin likitanci aka ce makinsa bai kai ba. Hajiya ki ɗan zauna ki saurare ni, akwai lissafin da ba a taɓa zaunar da mu an warware mana ba.

[hoto: takardu uku a kan tebur]

Da sauri, abu uku jami'a ke dubawa a nan Saudiyya. Ga shahadar sanawiyya. Ga Ƙudurat, jarabawar da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, ɓangare biyu ce, lafzi wato harshe da fahimtar karatu, da kammi wato lissafi, kuma ba a shiga da kalkuleta. Ga kuma Tahsili, ita daga littattafan makaranta take fitowa, lissafi, fiziya wato physics, kimiya wato chemistry, da ahya wato biology, rabin tambayoyin daga aji uku, kashi 30 daga aji biyu, kashi 20 daga aji ɗaya. Wannan duk ɗalibai sun sani, mu wuce.

[hoto: allo, an rubuta "nisba mauzuna"]

To nan ne wajen. Wannan 99 ɗin da aka manna a bangon falo, jami'a ba ɗaukarta take gaba ɗaya ba, yanka take yi ta ɗauki wani kaso, ta haɗa da kason Ƙudurat da na Tahsili, abin da ya fito shi ake ce wa mauzuna, kuma da shi ake jera ɗalibai. A Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad misali, fannin lafiya da kimiyya an san su da 30, 30, 40. Sanawiyya 30, Ƙudurat 30, Tahsili 40. Ku sake kallon lambobin nan dan Allah. Wahalar shekara uku, tashin asuba da aikin gida da komai, kashi 30 ce kawai, sauran 70 jarabawa biyu ne da ake gama kowacce a zama ɗaya.

Bari mu buga a gabanku. Mu ce yaro na farko yana da 99 a sanawiyya, 70 a Ƙudurat, 68 a Tahsili. 99 sau 0.3 ya ba da 29.7, sai 21, sai 27.2. A haɗa. 77.9.

Na biyu shahadarsa 92 ce, wanda a gida ma har faɗa aka yi masa wai ɗan maƙwabta ya fi shi, amma ya samu 88 a Ƙudurat da 90 a Tahsili. 27.6, da 26.4, da 36. Ya tashi da 90 cif.

[a bar lambobin biyu su tsaya a allo]

Kun gani ko? Wanda ya fi a makaranta da maki 7, an ba shi ratar sama da 12 a wajen da ake rabon gurbi. Wallahi abin nan yana taɓa min zuciya, saboda yawancin yaranmu masu ƙoƙari ne, kawai dai an nuna musu ƙofa ɗaya sun zuba duk ƙarfinsu a kanta.

Akwai kuma wani ruɗanin a cikin Ƙudurat ɗin kanta. Baba ya ga 75 sai ransa ya ɓaci, ya ɗauka yaro ya faɗi kwata na tambayoyin. A'a Baba, ba haka ake karanta ta ba. Makin yana nuna matsayin yaro ne a tsakanin sauran da suka zauna, matsakaici 65 ne, wanda ya kai 81 ya shiga sahun kashi 5 na sama. Ba ci ba faɗuwa a cikinta. Don haka ɗaga maki daga 70 zuwa 80 ba aikin dare ɗaya bane, kuma hadda irin ta makaranta ba ta cika fitar da mutum ba, sai yawan gwaji da saba wa agogo.

[hoto: ɗalibi yana warware tambayoyi, agogo a gefe]

Ni dai ra'ayina, ƙannena, kar ku jira aji uku. Tun aji biyu ana iya shiga Ƙudurat, ana maimaitawa, mafi girman makin shi za a ɗauka, kuma yana aiki har shekara 5. In kun sauke wannan nauyin da wuri sai aji uku ya zama na Tahsili zalla. Kuma kar a bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don an yi kuskure.

Sai 'yan uwa masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, ku hanyarku a jami'o'in gwamnati ta minha dakhiliyya ce, wato tallafin karatu na baƙin da ke zaune a cikin ƙasar, guraben kaɗan ne, kun ga kenan kowane ɗigo na mauzuna yana da daraja a wajenku fiye da kowa.

Kuma 30, 30, 40 ɗin nan ba ita ce ta ko'ina ba, kowace jami'a da nata rabon, wani lokacin ma ya bambanta daga kwaleji zuwa kwaleji, kuma sukan canza. Kafin ku jera zaɓinku ku shiga shafin jami'ar da kanku, ku kwafo kason na bana, ku ɗauki waya ku buga lissafin kamar yadda muka yi yanzu, sannan a zauna da iyaye a zaɓi fanni.