Wankin ƙyallen jirgi da tamfol

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa masu kwalekwale da masu hayar tamfol a Yamai)

Assalamu alaikum. Dattawa, a gafarce ni, na san a nan Yamai ba mu ɗaura wa kwalekwale ƙyalle don iska ta tura shi. Mu sai filafili, sai sanda, sai moto. Sai mutum ya haura wajen Mopti a Mali yake ganin jirage da buhunan da aka ɗinke suna kama iska. Amma rumfar da ke kan jirginka, da tamfol ɗin da ake kafawa ran biki, hanyar wankinsu ɗaya ce da ta ƙyallen jirgin iska.

Kafin ka zuba magani, san irin yadin. Yawancin ƙyallen jiragen yau na poliyesta ne, wanda kamfanin DuPont ya sa wa suna Dacron. Shi yana jure ruwan jabel, wato bilic, in an sirka shi sosai, kofi ɗaya cikin kofi goma na ruwa, aka kuma ɗauraye da kyau. Nailan kuwa ba ya shiri da jabel ko kaɗan. Da ido za ka ga ya yi fes, sai ran da iska ta buga ya yage a hannunka, don zaren ya riga ya ci.

Baƙin ɗigo-ɗigon nan da kuke kuka da shi, hunhuna ce. Daga ina take zuwa? Biki ya watse da dare, ruwa ya sauka, yara sun gaji, aka naɗe tamfol da danshi aka jefa a shago. Kafin a sake buɗe shi ta kama. In ta kama, a shimfiɗa shi a kan siminti mai tsabta, a jiƙa da ruwa da Omo, a bar shi ya sha, sannan a goge da buroshi mai laushi. Mai ƙarfi yana kankare abin da aka shafa wa yadin don ya hana ruwa shiga, kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

Tsatsar da ke zagaye ƙarfen ramin igiya, lemun tsami da gishiri ke cire ta. Jabel ba ya yi mata komai sai ƙara kafa ta. Kuma don Allah kada wanda ya haɗa jabel da tsami a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce. Jinin kifi, ruwan sanyi; ruwan zafi dafa shi yake yi a cikin zare. Man inji, sabulun wanke kwanuka.

Malam, ka yi tambaya a kan ruwan kogi. To, a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo jar laka cikin kogin Neja, wanki a bakin gadar Kennedy ƙara wa yadi ja yake yi. Ka ɗebi ruwan a duro ya kwana ya kwanta, ko ka jira ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine yana isowa wajen Disamba da Janairu, wanda ya fi tsabta. In ka gama, shanya shi har ya bushe ƙarau, amma kar ka bar shi kwana da kwanaki a rana, ita ma tana cin zare. Akwai mai wata tambaya?