Filtar Baƙin Mai: Me Take Tarewa, Me Ke Wuce Ta?

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Bilkisu ce tare da Nasiru da Baba Iro, kuma yau maganar filtar baƙin mai za mu yi. Baba, tambayar da ake yawan aiko mana ita ce: mutum ya yi juye, ya sa sabuwar filta, bayan sati biyu ya zaro sandar awo ya ga mai ya koma baƙi ƙirin. Filtar ce ba ta aiki?

Baba Iro: A'a 'yata, wannan baƙin ba laifinta ba ne. Hayaƙin ƙonewar fetur ne mai yake kwasa ya riƙe a jikinsa don kada ya daskare a cikin inji. Motar gas, wato dizal, ma a ranar da aka yi juye yake baƙi. Ni in na ga mai ya daɗe a tsohon inji yana nan garau, shi nake zargi.

Nasiru: Kuma wannan hayaƙin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ana auna dattin ne da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Silin gashin kai kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Filta ta gama-gari tana kama yawancin abin da ya kai 30 zuwa 40, mai kyau ta sauko wajen 20. Ƙwayar hayaƙi kuwa ko maikiron ɗaya ba ta kai ba, wucewa take abinta.

Bilkisu: To me zai hana a yi wadda za ta tare komai da komai?

Baba Iro: Kin taɓa tace kamu da ƙyalle mai matsattsen saƙi? Sai ki wuni bai sauka ba. Shi kuma inji ba ya jira. Duk man da famfo ya turo sai ya ratsa filta kafin ya kai ga metal da kiranshaf, wato ƙarafan da ke gogayya da juna a cikin inji. In ya makara, ai an gama, inji ya buga.

Nasiru: Abin takaicin shi ne dattin da ya fi cin inji yana tsakanin maikiron 5 da 20, don shi ne daidai shiga ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Nan ne filta ta fi filta. Akwai gwajin da ake kira ISO 4548-12, a zuba ƙura mai sanannen girma a cikin mai, a ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Shi ya sa in ka ga kwali an rubuta kashi 99 cikin 100, duba ko an faɗi a maikiron nawa. In ba a faɗa ba, ba a gaya maka komai ba. Tsakuwa ma ai kowace filta za ta tare ta.

Baba Iro: Kai Nasiru da lissafi! Bari in nuna muku da ido. Ga guda biyu na yanka da zarto. Bilkisu, ɗaga wannan.

Bilkisu: Tana da nauyi. Takardar ciki a nannaɗe take, ninki a jikin ninki, ba ko tazara.

Baba Iro: Yanzu ɗauki waccan.

Bilkisu: Ikon Allah! Wannan ai ninkin a warwatse yake, ga gam ɗin ma ya saki a gefe. Amma daga waje fenti ɗaya, rubutu ɗaya.

Baba Iro: Jabu ke nan. Ta wannan gefen da ya saki mai zai bi ya wuce, ko takardar ba zai taɓa ba. Kuma dubi ƙasa, kin ga wannan ɗan sifirin? Bawul ne. In takarda ta toshe, ko mai ya yi kauri da sanyin asuba lokacin hunturu, sai ya buɗe mai ya zagaya ba tacewa, don gara mai datti da babu. A jabu wani sa'in a buɗe yake tun daga kanti, wani sa'in kuma ba ya buɗewa sam.

Nasiru: Wato mai mota zai iya shekara yana yawo da filtar da ba ta tace komai, fitila ba za ta kama masa ba.

Baba Iro: Ba abin da zai nuna masa. Sai dai wannan robar ta baki, ita tana tona asiri. Aikinta ta hana mai zurarewa ƙasa in an kashe mota. In ta bushe, da safe ka tayar sai ka ji kaf-kaf-kaf na ɗan lokaci kafin mai ya hau.

Bilkisu: Baba, masu cewa a yi juye biyu da filta ɗaya fa? Wasu ma wanke ta suke da fetur su mayar.

Baba Iro: Wankin nan ɓata fetur ne kawai. Dattin a cikin naman takardar yake, ba a samanta ba. Juye biyu kuwa, a ƙurar ƙasar nan? Ban yarda ba. Sannan tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai a cikinta, kana zuba sabo ya gauraya. Kuma ni da za a ji tawa, a fara da filtar iska, don ta nan yawancin rairayin yake shiga tun farko. Sai ka ga mutum ya sayi mai mai tsada, bututun iskarsa kuwa a tsage an naɗe da leda.

Nasiru: Ruwa da fetur da suka zubo cikin mai su ma ba ta cire su, sai juye.

Bilkisu: Wanda zai ɗaura da kansa a gida fa?

Baba Iro: Ya tabbata tsohuwar robar da ke zagaye da bakin filta, mai hana ɗiga, ba ta manne a jikin inji ba, don in suka hau biyu mai zai tsiyaye a titi. Ya shafa wa sabuwar ɗan mai da yatsa, ya ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Ya tayar, ya leƙa ƙasa ya ga ko tana ɗiga.

Bilkisu: Madalla. Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu, filtar iskar da Baba ya ambata za mu buɗe. A huta lafiya.